Rigimar APC da PDP da maganar mata sun shigo ajina daga waya: in tsallake ko in koyar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Sibik da Gwamnati a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Gusau, maza da mata a aji ɗaya. Duk ranar da darasi ya taɓo zaɓe ko haƙƙin ɗan ƙasa, 'yan aji biyu na babbar sakandare sai su rabu gida biyu, APC da PDP, kowa da bidiyon da ya gani a TikTok. Ranar da muka zo kan shigar mata siyasa abin ya fi muni. Wani yaro ya miƙe ya ce wannan karatun Yahudawa ne, aka yi ta ihu, 'yan matan kuwa ba wadda ta ce uffan har aka kaɗa ƙararrawa. Shugaban makaranta ya ce in riƙa tsallake irin waɗannan batutuwa. Ni ma ina da jam'iyyata, yaran sun sani, don suna bibiyata a Facebook. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikina horar da ɗaliban koyarwa ne da bin su makarantu lokacin gwajin koyarwa, kafin nan kuma na daɗe ina koyar da Gwamnati a sakandare, don haka ajin da ka siffanta na san shi. Shawarata ita ce kada ka tsallake darasin. Sai dai kada ka sake shiga shi yadda ka shiga, wato ka jefa tambaya a tsakiyar aji ka bar masu ƙarfin murya su yi wawasonta.

Tsoron shugaban makarantarku yana da tushe, ka girmama shi. Abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022 daga zauren WhatsApp na 'yan aji ya faro, ya ƙare da rasa rai, da rufe makaranta, da dokar hana fita a gari. Duk mai riƙe da makaranta a wannan yanki yana tune da shi. To amma shirun da yake nema ba zai ba shi kwanciyar hankalin da yake so ba. Yaran nan shekarunsu 16 ko 17, nan da ɗan lokaci za su yanki katin zaɓe. In an hana maganar a aji, za a ci gaba da ita a bakin get da zauren WhatsApp, inda babu malami, babu ƙa'ida, babu mai cewa a kawo hujja. Aji ne kaɗai wurin da yaro ɗan gidan APC zai zauna minti arba'in kusa da ɗan gidan PDP, dole ya saurare shi. Ga kuma jarrabawa: dimokuraɗiyya, haƙƙin ɗan'adam da shigar jama'a harkokin mulki duk suna cikin manhajar da WAEC da NECO ke tambaya a kai.

Yanzu ga abin da ke cikin wayar. Yaranka za su ce maka Facebook na danne 'yan jam'iyyarsu, kowane ɓangare haka yake ji. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne kamfanonin nan sun fi karkata ga duk abin da zai riƙe mutum a kan waya, kuma ba abin da ke riƙe mutum kamar fushi. Ka ɗauki mai shayin da ke da majalisa: ba ruwansa da wanda ya yi nasara a gardama, cinikinsa yana ƙaruwa ne in gardamar ta yi tsawo. Takardun cikin gida da wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa tun 2017 kamfanin ya ba alamomin nuna motsin rai, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na laik sau biyar wajen zaɓo abin da za a nuna wa mutane, kafin daga baya ya rage. Wani bincike na jami'ar MIT ta Amurka da ya fito a 2018, kan labarai kusan 126,000 a Twitter, ya gano labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa, kuma ƙaryar siyasa ta fi kowace gudu. A 2021 Twitter da kanta ta binciki ƙasashe bakwai, ta ce a shida daga ciki tsarinta ya fi ɗaga muryar 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen, don haka kada kowa ya ɗauko sakamakon ya liƙa wa APC ko PDP.

A nan gida akwai abin da ya fi na'ura tasiri, wato hannun mutane. Binciken da BBC ta fitar a watan Janairun 2023 ya nuna jam'iyyu na biyan masu yawan mabiya a ɓoye, da kuɗi, da kwangila, har da alƙawarin muƙami, don su yaɗa abin da zai ɓata abokan hamayya. Ba sabon abu ba ne gare mu, sojojin baka sun daɗe suna wannan aiki a gidajen rediyo, yanzu 'yan data ne suka gaje su. Bambancin shi ne a rediyo kowa ya san wane ubangida ne ya sayi filin, a TikTok kuwa yaro gani yake wani matashi ne kamarsa ke faɗin abin da ke ransa. Kuma tace abin da aka wallafa da Hausa bai kai na Turanci ƙarfi ba, balle saƙon murya a WhatsApp wanda kamfanin ma ba ya iya ji.

Duk da haka ba na so ka ɗora wa waya laifin komai, don in ka yi haka za ka zaci maganin shi ne ƙwace waya. A 2023 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da haɗin gwiwar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, lokacin zaɓen Amurka na 2020: an sauya wa dubban mutane yadda ake jera musu labarai har wata uku, abin da suke gani ya canza, amma ra'ayinsu na siyasa kusan bai motsa ba. Mu a Zamfara mun ga namu gwajin. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, mutane na tafiya har Funtuwa don yin kira. Gardamar siyasa ba ta mutu ba, jita-jita ma ƙara ƙarfi ta yi, ta koma baki da baki. Yaron da ke kare jam'iyya a ajinka sau da yawa gidansu yake karewa: aikin mahaifinsa, buhun shinkafar azumi, ubangidan da ya biya kuɗin asibitin kakarsa. In ka ƙaryata bidiyonsa a gaban jama'a, shi ji zai yi ka ƙaryata babansa. Shi ya sa hanyar da za ka bi ta fi abin da za ka faɗa muhimmanci.

Hanyar da na ga tana aiki ita ce ka koya musu rarrabe tambayoyi kafin a fara amsa su, ka rubuta a allo, ka riƙa komawa kai har ya zame musu jiki. Akwai tambayar da ake iya bincikawa a samu amsa ɗaya: wace rana, wace kotu, wane sashe na tsarin mulki. Akwai tambayar hukuncin addini, wadda tana da ma'abotanta, kuma kai malamin Sibik ba kai ne mai fatawa ba. Sai tambayar wace hanya ta fi, wadda mutane masu hankali da amana ke saɓawa a kai. Yawancin ihun ajinka daga cakuɗa ukun nan yake fitowa. Yaro zai faɗi ra'ayi kamar tabbataccen labari, wani ya mayar masa da aya, na uku ya kawo bidiyo. Da zarar ka tambaya, "Wannan maganar taka a wane gida take cikin ukun nan?" ka rage zafi ba tare da ka ce wa kowa ya yi ƙarya ba.

Kuma Allah ya ba ka jihar da tarihin siyasarta kaɗai ya isa littafin Gwamnati. A ranar 24 ga Mayun 2019, kwana biyar kafin rantsuwa, Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani a Zamfara ba, bayan rikicin ɓangaren Abdul'aziz Yari da na Kabiru Marafa, don haka ƙuri'un da ta samu sun tashi a banza. Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, kujerun majalisa ma kusan duka suka koma PDP. A watan Yunin 2021 Matawalle ya koma APC, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi binsa, majalisar jiha ta tsige Mahdi a Fabrairun 2022. A 2023 Dauda Lawal ya ci zaɓe a PDP, shari'ar ta je har Kotun Ƙoli, ta tabbatar da shi a Janairun 2024. Ka ba su wannan jerin, sannan maimakon "wa ya fi wani", ka tambaye su: me ya sa kotu za ta iya zubar da ƙuri'un da jama'a suka kaɗa? Ƙuri'a ta jam'iyya ce ko ta ɗan takara? Me ya sa sashe na 68 da na 109 na tsarin mulkin 1999 suka ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa zai iya rasa kujerarsa in ba rabuwar kai aka samu a jam'iyyarsa ba, amma ba a yi irin wannan tanadi ga gwamna ba? A irin waɗannan tambayoyi layin APC da PDP ba ya aiki, don kowace jam'iyya ta taɓa cin riba ta kuma taɓa asara a kan doka ɗaya. Za ka ga yara biyu da ba sa ga-maciji sun tsinci kansu a ɓangare guda. Wani ma zai gane da kansa cewa gidansu sun sauya jam'iyya sau biyu tun yana firamare, ba sai ka faɗa masa ba.

Batun mata shi ne inda nake so mu daɗe, don a nan ne malamai suka fi kuskurewa, wasu ta hanyar gudu, wasu ta hanyar wa'azin abin da suka haddace a bitar ƙungiyoyi. Yaron da ya ce karatun Yahudawa ne bai ƙirƙiro maganar ba. Iyaye da yawa na zargin cewa ana shigo da wata manufa daga waje ta ƙofar makaranta, kuma zargin na samun abin ci lokaci-lokaci. A Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci a cire koyar da ilimin jima'i daga manhajar makarantu. A 2024 an yi ta hayaniya kan yarjejeniyar Samoa, wadda Nijeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, ana cewa Nijeriya ta amince da auren jinsi, gwamnati ta musanta, kuma dokar 2014 da ta haramta shi tana nan. Yaro ya taso yana jin waɗannan, sai ya ji malami ya ce "daidaito tsakanin maza da mata", duk sai ya haɗa su a kwando ɗaya. Don haka tun kafin ka fara, ka faɗa musu ƙarara abin da darasin yake a kai: karatun 'ya mace, ƙuri'arta, wakilcinta, da abin da dokar ƙasa ta ce a kansu. Iyakarsa ke nan.

Sannan ka fara da tarihinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana zagayen wa'azi a ƙasar Zamfara, mata na halartar majalisinsa. Wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya zo masa da waƙa yana neman ya hana mata zuwa saboda gudun cakuɗa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi, wanda daga baya ya zauna Gwandu, ya ba da amsa, kuma Abdullahi ya kawo labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Ma'anar amsar ita ce su ma ba su yarda da cakuɗa ba, suna hana ta, amma barin mata cikin jahilci, ba su san abin da ya wajaba a kansu ba, ya fi wannan illa girma. Ka duba, gardamar da ta tashi a ajinka an yi irinta a wannan ƙasa fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, tsakanin malamai biyu, da hujja da ladabi, ba wanda ya kafirta wani. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Yaron da ya san wannan da wuya ya sake cewa karatun mace baƙon abu ne. In ya ce, 'yan ajin ne za su ba shi amsa, ba kai ba.

Daga nan ka zo kan ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, matan Arewa ba su yi ba. Sai a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi na mulkin soja, aka ba su dama, suka fara kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya a 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri da duka tana neman wannan haƙƙi. A yau babu ɗan takarar da zai yi kamfe a Gusau ko Ƙauran Namoda bai nemi mata ba, kowa ya ga tsawon layinsu ranar zaɓe. Amma majalisar dokokin jiha mai kujeru 24 ba mace ko ɗaya da zaɓen 2023 ya kai, Majalisar Dattawa mai kujeru 109 kuwa mata huɗu ne suka samu shiga. Waɗannan alƙaluma ne, ba ra'ayi ba, ka rubuta su a allo. Dalilin da ya sa haka, da ko ya kamata a gyara, da yadda za a gyara, su ne abin muhawara.

In aka zo kan shugabancin mace, wani zai kawo hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari, kan mutanen da suka ɗora mace a kan al'amarinsu. Kada ka yi gardama da hadisi, kada kuma ka yi kamar ba ka ji ba. Ka ce wannan tambaya ce ta gida na biyu, ka gayyato malamin addinin Musulunci na makarantarku ya yi bayani, bayan kun zauna kai da shi tun da wuri. In mai ilimi ne zai gaya musu cewa malaman fiƙihu sun yi magana mai tsawo kan iyakar hadisin: mafi yawansu, har da Malikiyya, ba su yarda mace ta yi alƙalanci ba, Abu Hanifa ya yarda a inda ake karɓar shaidarta, Ɗabari ya yarda gaba ɗaya. Naka aikin shi ne ka faɗi abin da dokar ƙasa ta ce: sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, sharuɗɗan takarar gwamna a sashe na 177 kuma ba su ambaci namiji ko mace ba. Yaro na da 'yancin ya ce shi ba zai zaɓi mace ba, ƙuri'arsa ce. Ba shi da hurumin cewa doka ta hana, don ba ta hana ba. Ka kuma tuna akwai yara Kiristoci a azuzuwan Gusau, darasin nasu ne su ma.

Akwai wani misali da nake so kowane malamin Sibik a jihar nan ya yi amfani da shi, don ya haɗa siyasa da mata da kafafen sada zumunta a wuri ɗaya. A watan Yulin 2013 intanet ta ɗauka cewa Majalisar Dattawa ta halatta aurar da ƙananan yara, sunan Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura na kan gaba. Abin da aka kaɗa ƙuri'a a kai shi ne sashe na 29(4)(b) na tsarin mulki, wanda ke magana kan wanda ya isa ya ajiye zamansa ɗan Nijeriya, inda aka ce matar aure ana ɗaukar ta wadda ta kai shekarun girma. An so a goge shi, Yarima ya ce gogewar ta taɓa Shari'a, aka sake ƙuri'a, ba a samu kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba, sashen ya zauna yadda yake tun 1999. Ka buga sashen a takarda ka raba musu, ka ba su abin da aka yi ta yaɗawa, su kwatanta. Za su ga ba sabuwar doka aka yi ba, za su kuma ga masu ƙorafin suna da abin dubawa, tunda sashen na nuna doka ta san ana aurar da 'yar ƙasa da shekara 18. Wannan aikin na minti talatin ya fi wa'azin mako guda kan illar labaran ƙarya.

Don muhawarar aji, ka zaɓi tambaya ƙarama mai iyaka. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har mata suka yi zaman dirshan a ƙofar majalisa. Ɗaya na neman ware wa mata kujeru na musamman, wani na neman mijin 'yar Nijeriya baƙo ya iya samun zama ɗan ƙasa ta hanyar rajista, kamar yadda sashe na 26 ya ba matar ɗan Nijeriya. Wannan na biyun ya dace da mu da muke maƙwabtaka da Nijar: ɗan Shinkafi ya auro 'yar Maraɗi, doka ta buɗe mata ƙofa, 'yar Shinkafi ta auri ɗan Maraɗi, ba ta buɗe masa ba. Adalci ne ko akwai hikima a ciki? Ka raba ɓangarori da ƙuri'a, kada kowa ya zaɓi nasa, kuma kafin mutum ya mayar da martani sai ya maimaita hujjar abokin gardamarsa har shi abokin ya ce e, haka nake nufi.

A nan zan faɗi matsayina ba ɓoye-ɓoye. Tsakanin APC da PDP, malami ba shi da ɓangare a cikin aji. Kan ware wa mata kujeru, ba shi da ɓangare. Amma kan ko yarinyar da ke zaune a gabanka ta cancanci zama a ajin, ta yi magana a saurare ta, a nan kana da ɓangare, kuma dole yaran su san shi. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwanaki. Duk uban da ya ci gaba da tura 'yarsa makaranta bayan wannan ya yi jarumta, ita ma yarinyar haka. Ba daidai ba ne ta iso aji sannan a mayar da zamanta a wurin abin jefa ƙuri'a.

Shirun 'yan matan ba rashin ra'ayi ba ne. An tarbiyyantar da su kan cewa ɗaga murya gaban maza rashin kunya ne, kuma sun san duk wadda ta yi magana za a bi ta da suna har unguwa, wataƙila har a saka ta a zauren WhatsApp. Kada ka nuna wata da yatsa ka ce ta faɗi ra'ayin mata, ka ɗora mata kayan da ba ta nema ba. Ka fara da rubutu: kowa ya rubuta amsarsa a ƙaramar takarda ba suna, ka tattara, ka karanta wasu da bakinka. Ranar farko da aji zai ji hujja mai ƙarfi ba tare da sanin ta namiji ce ko ta mace ba, abubuwa na fara canzawa. Bayan nan a yi ƙananan rukunai, mata su fara tattaunawa a tsakaninsu, su zaɓi mai magana da yawunsu, ta yadda abin da za ta faɗa na rukuni ne. Ka riƙa ɗan jira bayan ka yi tambaya, kada ka ba hannun da ya fara ɗagawa, don kusan kullum hannayen nan uku ko huɗu ne. Shi kuma yaron da ya yi maganar Yahudawa, kada ka kunyata shi. Ka kira shi gefe, ka ji inda ya samo ta, ka ba shi aikin binciko labarin Abdullahin Gwandu da Mustafa Gwani ya kawo wa aji. Irin waɗannan yara sau da yawa su ne masu kaifin kai, jagora suka rasa.

Sai kai da kanka, Malam. Kana da 'yancin shiga jam'iyya, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ma'aikatan gwamnati wannan a shari'ar INEC da Balarabe Musa a 2003. Amma ƙa'idojin hukumar rajistar malamai, TRCN, sun hana malami amfani da matsayinsa wajen cusa wa ɗalibai ra'ayinsa na siyasa. Malaman Jamus sun yi wata matsaya a garin Beutelsbach a 1976 da har yau ake aiki da ita: kada malami ya danne ɗalibi da ra'ayinsa, abin da ake saɓani a kai a cikin al'umma a gabatar da shi a aji a matsayin abin saɓani, kuma a koya wa ɗalibi gane maslaharsa da yadda zai neme ta. Tunda yaran sun riga sun san jam'iyyarka, musantawa zai zubar maka da ƙima. Ka ce musu sau ɗaya, "Ina da ra'ayina kamar kowa, amma ba ya ba da maki a nan," sannan ka tabbatar da haka a aikace: misalan gazawar gwamnati su fito daga kowane ɓangare, kuma yaron da ya soki jam'iyyarka da hujja ya ga maki mai kyau a takardarsa. Shafinka na Facebook kuwa, ka koma ka duba shi da idon ɗalibinka. In akwai zagi, ko hoton da ka yaɗa ba ka tantance ba, ka goge, don ba za ka iya hana su abin da suke gani kana yi da dare ba.

Kafin darasi na gaba ka je wurin shugaban makaranta da tsarin darasinka a rubuce, da shafin manhajar da batun yake, da ƙa'idojin aji, ka roƙe shi ya zo ya zauna a baya ya gani. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ma a sanar da shi. Mutum ya fi amincewa da abin da aka nuna masa tun kafin ƙorafi ya iso. A hana ɗaukar bidiyo ko murya a aji, don daƙiƙa ashirin da aka yanko daga tsakiyar muhawara sun isa su jawo wa yaro ko malami bala'i. Zauren WhatsApp na aji ya zama na sanarwa da aikin gida kawai, malami na cikin masu kula da shi.

Akwai kuma inda za ka tsayar da magana nan take, ba jiran a kai ƙarshen jimla: in aka taɓa addinin wani ko abin da yake girmamawa, in aka ambaci sunan mahaifin wani ɗalibi, ko in maganar tsaro ta koma Hausawa da Fulani. Tambayar ko a yi sulhu da 'yan bindiga, kamar yadda gwamnatin Matawalle ta gwada, ko a ƙi, kamar yadda gwamnatin Dauda Lawal ta ce, tambaya ce ta gaskiya da manya ke saɓawa a kai. Amma a ajinka akwai mai yiwuwa wani an kashe masa uba, wata an biya kuɗin fansar yayanta, wani kuma Bafulatani ne da ake yi wa kallon zargi bai ji ba bai gani ba. Wannan batu kada ka fara da shi. Ka bari sai zango na biyu ko na uku, bayan ajin ya saba da ƙa'idojin a kan batutuwa masu sauƙi, kuma ka san tarihin kowane yaro kafin ka buɗe shi.